Ramuwar Juli

Kwanakin baya wata ta'aziyya ta kai ni ƙauyen da na fara koyarwa, can tsakanin Zango da Baure, sai na ce wa mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya bi da ni ta bayan makaranta. Da na sani da ban ce ba. An zagaye ta da katanga, an shafa mata fenti, har da ƙofar ƙarfe. Tsamiyar da ke bakin fili an sare ta. Rugar da ke gabas da makarantar kuwa, inda hayaƙi ke tashi da sassafe, ta zama gonar riɗi, ko turke ɗaya bai rage ba. Na tsaya ina kasa kunne ko zan ji kukan maraƙi, ban ji komai ba sai waƙar da ke fita daga wayar mai babur. Aka ce mutanen sun daɗe da yin kudu da shanunsu, tun da burtalin da suke bi ya shige cikin gonaki. Na koma gida raina a jagule, kuma tun ranar nake ta tuna abubuwan da na ɗauka na manta.

A zamanin da nake magana makarantar ɗakuna huɗu ce na jar ƙasa da rufin kwano, sai ofishin Hedimasta wanda da kaɗan ya fi akurkin kaji. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, in aka buga shi da guntun ƙarfe har masu jan ruwa a rijiyar bayan gari suna ji. Kafin a shiga aji sai an yi shara, kowane yaro da tsintsiyarsa daga gida, mata su cika randa, maza su kwashe kashin awakin da suka kwana a baranda. Ranar Alhamis mukan fasa tsohon batir mu kwaɓa baƙinsa da ɗanyen ganye mu shafe allo, yara su koma gida hannu baƙi ƙirin suna murna kamar an ba su sarauta. In aka tashi tara, masu tallan ƙosai da dafaffiyar gyaɗa su jeru a gindin tsamiya, matan Fulani su sauke ƙwaryar nono a gefe. Yaran yanzu a kan benci suke zama, wani ajin har da fanka, amma ban taɓa jin sun rera jadawalin lissafi da irin muryar da namu ke yi a kan tabarmar buhu ba, har kwanon rufi yana amsawa.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, ko'ina zancenta ake. 'Yan mata suka fara zuwa da hijabi har gwiwa, aka raba mana aji gida biyu, maza a dama, mata a hagu, hanya a tsakiya. Kiɗan dandali ya yi shiru. Cikin abubuwan da malamai suka yi ta wa'azi a kai har aka bari a yankinmu akwai shaɗi, wasan nan na samarin Fulani, inda saurayi zai tuɓe riga ya ɗaga hannuwa sama a gaban 'yan mata, sa'ansa ya zabga masa tsumagiya a haƙarƙari, shi kuwa yana murmushi yana duba fuskarsa a madubi don a ga ba ta sauya ba, sannan wanda ya yi dukan shi ma ya tsaya a rama. Ni duk wannan daga baya na san shi. Ɗan cikin birnin Daura ne ni, gidanmu dukawa ne, iyakar sanina da Fulani fura da nono. Na fito daga kwalejin horon malamai da takarda a hannu da wando mai karin guga, ina ganin duk ƙauyen ba wanda ya kai ni sani.

Hedimastanmu dattijo ne mai tsohon keke da goro a kumatu, ba ya faɗa, ba ya sauri. Shekara uku ya yi yana zarya zuwa rugar nan wajen Ardo, shugabansu, kafin tsohon ya yarda ya ba da yara tara. Shi ma da sharaɗi ya bayar. Ya ce an gama kaka, shanu suna cin kara a gonaki, ba su buƙatar hannu da yawa, don haka a riƙe yaran zuwa saukar damina. In ruwa ya sauka bai ga abin da boko ya ƙara musu ba, za su koma bayan shanu, kuma kada a sake zuwar masa da maganar. Da yake yaran sun tasa, wasu har murya ta fara buɗewa, Hedimasta ya ga ba zai zaunar da su cikin 'yan aji ɗaya masu majina ba, sai ya zubo mini su a aji uku. Ranar da ya kawo su ya ja ni gefe ya ce, "Malam ƙarami, shekara uku na yi ina roƙon waɗannan, kada ka zubar mini da su a wata uku. In za ka ɗaga hannu ka dubi fuskar yaro, in ka sauke ma ka sake duba." Na ce to, a raina kuwa ina cewa tsoho ya fara rikicewa.

Babbansu jikan Ardo ne, sunansa Juli, dogo siriri da 'yar laya a damtse. Inda ya sa ƙafa nan sauran takwas ke sawa. Makon farko lafiya lau, suna zaune a baya kamar an dasa su. Ranar da na fara kiran su allo ɗaya bayan ɗaya, ranar aka ɓata. Ina cewa, "Juli, taso," sai ya yi kukan maraƙi, irin wanda in ba ka gani ba za ka rantse a ajin aka ɗaure shi. Aji ya fashe da dariya. Na fita bakin fili na karyo tsumagiyar tsamiya, na zaɓi mai santsi, na fito da shi gaba ta ɓangaren mata inda ya fi fili, na ce ya ɗaga hannu sama don kada ya kare. Na zuba masa uku. Yaron gari in ya sha ɗaya irin wannan sai ya yi birgima yana kiran uwarsa. Juli ko ƙiftawa bai yi ba. Sai ma ya zaro wani ɗan madubi daga aljihu ya dubi fuskarsa, ya yi murmushi, ya koma ya zauna. Na ce lalle wannan raini ya kai inda ya kai.

Daga ranar ajina ya zama kasuwa. Kullum da sabon salo, yau a saki ƙadangare a ɓangaren mata, gobe a ɓoye alli, jibi wani ya shigo yana fito. Abin da ya kamata ya ba ni mamaki, da ina da hankali, shi ne ban taɓa shan wahalar neman mai laifi ba. Kafin in tambaya ya miƙe, wani lokaci ma su biyu suna gardamar wanda ya yi. Su fito su ɗaga hannu tun ban ce ba, wani har ya kwaɓe riga sai na daka masa tsawa ya mayar. Na ƙarar da rassan tsamiyar na ƙasa kaf, kafaɗata ta riƙa ciwo da yamma. Yaran gari suka bar karatu suka koma 'yan kallo, suna ƙirga bulala da baki ɗaya. Wata biyu suka wuce ba ko ɗaya cikin taran da ya iya rubuta sunansa, ni kuwa ina yawo ina hura hanci, wai ni ne malamin da ba a kawo wa wasa.

Wadda ta buɗe mini ido kakar Juli ce, wata tsohuwa mai nono da kowa ke kira Inna. Wata rana an tashi tara na je ta dama mini fura, sai na ga ta ƙara mini ludayi biyu, har da ɗan man shanu a kai. Na ce, "Inna, yau kuma me na yi?"

"Kai kuwa ka yi, Malam," ta ce. "Aradu, au, astagfirullah, an ce mu bar faɗin haka. Wallahi duk ruga albarka ake sa maka. Tun da aka hana shaɗi yaranmu ba su da inda za su nuna su maza ne, sai Allah ya kawo ka. Da tsamiya kake yi, a gaban 'yan mata, hannu a sama, komai daidai. Jiya Juli ya nuna mana jikinsa, sawu bakwai, ƙannensa har kishi suke. Wai wa ya koya maka, kai da kake Kaɗo, ba Bafulatani ba?"

Furar nan ban san yadda na shanye ta ba. Wata biyu ina zuba ƙarfina, ashe tukuici nake rabawa. Na je na faɗa wa Hedimasta, ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sannan ya share ido ya ce, "Na hango madubin ta taga tun ranar farko. Da na faɗa maka ba za ka ji ba. To yanzu ka san abin da suke so, saura ka san abin da suke gudu."

Kwana biyu ina juya maganar, sai na lura cewa duk fitinar tana tashi ne daidai lokacin da na kira ɗayansu allo. Bulala goma ta fi musu sauƙi a kan su tsaya da alli a hannu, ƙananan 'yan matan gari da ba su kai kafaɗarsu ba suna kallon sun kasa. Na gano inda ke musu ciwo, amma da yake ƙuruciya na kaina, maimakon in yi magani sai na mai da shi makami. Washegari Juli ya hau kujerata ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana jiran tsumagiya. Na ajiye ta a kan tebur, na miƙa masa alli na ce, "Rubuta sunanka. Ba za ka zauna ba sai ka rubuta." Ya tsaya gaban allo, allin ya karye a hannunsa, ya ɗauki guntun ya ja layi ɗaya a karkace. Wata yarinya ta yi 'yar dariya a cikin hijabi. Sai na ga gwiwoyinsa suna kaɗawa, yaron da bulala bakwai ba ta sa ya ƙifta ba, ga hawaye ya zubo masa. Ya yar da allin ya fice, takwas ɗin suka bi bayansa. Na ɗan ji daɗi na lokaci kaɗan, wai na yi nasara. Washegari bayan aji ya zama wayam, haka jibi, haka gata, ga bazara ta kawo kai, damina na matsowa. Hedimasta bai yi mini faɗa ba. Ya dai daina kirana Malam ƙarami, ya koma gaishe ni kamar baƙo, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ranar Asabar da hantsi na ari kekensa na nufi ruga, karo na farko a rayuwata. Na tarar da Juli a wata fadama da ta bushe, shi kaɗai da shanu. Da ya gan ni sai ya juya baya. Na jingine keken na zauna a ƙasa da wandon nan nawa mai karin guga, na rasa ta inda zan fara, don a kwaleji ba a koya mana yadda malami ke ba ɗalibi haƙuri ba. Can na ce, "Juli, abin da na yi maka ban kyauta ba." Na nuna wata saniya mai farin goshi na tambayi sunanta. Ya ce, "Wule." Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta da tsinke, na ce ga Wule nan. Ya leƙo ta gefen ido ya ce, "Ba ta yi kama da ita ba." Na ce ai shi ya sa ake koyo. A nan muka ƙulla magana, ba zan sake kiran ɗan ruga allo a kan abin da ban koya masa a keɓe ba, su kuma su dawo aji.

Daga nan kullum bayan la'asar ina fadama, mu goma a tsugune, ƙasa ce allonmu, ba mai kallo sai shanu. Da sunayen shanu muka fara, sannan nasu. Na iyayensu kuwa suka ƙi fur, don ɗan Fulani ba ya faɗin sunan ubansa, balle ya zana shi a ƙasa inda za a taka. Sun fi duk yaran da na taɓa koyarwa saurin kamawa, muddin ba idon kowa a kansu. Ajin safe ya lafa. Ba wai sun zama waliyyai ba, ƙadangare dai ya sake ziyartarmu sau ɗaya ko biyu, amma hukuncin mai laifi ya koma a hana shi zaman fadama na ranar, kuma na ga ƙaton yaro yana roƙona da hannu biyu in yi masa bulala in bar shi ya zo. Malaman yanzu ina jin su suna gardama, wasu na cewa an lalata yara da aka rage duka, wasu na cewa duka zalunci ne, kowa da abin da ya karanto a waya. Ni dai ba na shiga. Nakan tambaye su ko sun taɓa zuwa gidan yaro ɗaya daga cikin waɗanda suke kuka da su, sai ka ga an sauya magana.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Lahadi. Washegari ƙasa na ƙamshi, rabin yaran gari sun tafi shuka, muna cikin darasi sai bakin ƙofa ya yi duhu. Ardo ne, da malfa a ka da sanda a kafaɗa, bai taɓa taka makarantar ba sai ranar. Yara suka miƙe suka gaishe shi, na russuna na ce, "Sannu da zuwa, Baba Ardo."

"Kai ne malamin?" ya ce. "Ruwa ya sauka, na zo in tafi da yarana. Amma akwai magana tukuna. An ce wata biyu kana dukan jikana, ya tsaya maka. An ce kuma ka sa shi kuka a gaban mata. A wajenmu wanda ya yi duka yakan tsaya a rama. Kai ka tsaya?"

Na ce, "Ban tsaya ba, Baba."

"To ga ka, ga shi."

In na ƙi, yaran nan tara sun tafi ke nan, kuma labarin da za su kai ruga shi ne boko wuri ne da babba ke dukan ƙarami ya gudu. In na yarda, ɗalibi ya zane malami a gaban aji, kafin azahar zancen ya isa Zango, ban san ko zan kwana da aikina ba. Hedimasta yana ofis bai san abin da ake ciki ba. Na dubi bayan aji, na ga idanu tara a kaina. Sai na je bayan ƙofa na ɗauko tsumagiyar da na daɗe ban taɓa ba, na miƙa wa Juli, na je daidai inda nake tsayar da su, na juya wa allo baya na ɗaga hannuwana sama. Rabona da bulala tun ina makarantar allo, kuma ko a can an san ni da raki.

Juli ya karɓa ya lanƙwasa ta, ya gwada ta a iska ta yi kuka. Ya zagaye ni sau ɗaya a hankali, ya dube ni daga sama har ƙasa. Na runtse ido ina jira. Shiru, shiru, sai na ji ƙarar alli a bayana. Ya daɗe yana ja, ƙirrr, ya tsaya, ya goge da yatsa, ya ci gaba. 'Yan matan da ke gabana suka fara toshe baki da hijabi, can wani yaro ya kasa riƙewa, sai aji ya kece da dariya. Ni ga ni tsaye hannu a sama, ban san me aka rubuta ba.

Ardo ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Me ya zana?" Yara suka yi caa kowa na son faɗa. Ya ce, "Ku yi mini shiru, ku bakinku ɗaya da shi. A kira mini wanda bai ga komai ba." Aka ruga aka kira Hedimasta. Ya shigo yana gyara tabarau, ya gan ni a haka. Ardo ya nuna masa allo da sanda. Hedimasta ya karanta a hankali, kamar mai karanta wasiƙar hukuma.

"Ƙafar Malam tana rawa."

Ardo ya sunkuya ya dubi ƙafafuna. Wandon kansa kaɗawa yake. Ya ce, "Aradu tana rawa." Ya ɗago ya dubi Hedimasta. "Kai da ba ka nan, wa ya faɗa maka?"

"Jikanka, Ardo. Ga bakinsa nan a allo."

Tsohon ya taka har gaban allo, ya taɓa rubutun da ɗan yatsa, ya dubi farin da ya manne masa, ya daɗe yana kallo. Ya yi wa Juli wata magana da Fillanci, yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sauke hannunka, Malam. Ya rama, kuma tasa ta fi tsamiya shiga." Ya sa sandarsa a kafaɗa ya nufi ƙofa, a bakin ƙofar ya waiwayo ya ce, "Da safe naka ne, da yamma na shanu." Ya fita shi kaɗai, yaran tara suna zaune.

Na zauna daɓas a bakin tebur, aji na dariya, ni ma ina yi, hawaye na bin fuskata. Na koyar da yaran da ban san adadinsu ba bayan wannan, wasu sun zama manya ana buɗe musu ƙofar mota, amma ba rubutun da na taɓa alfahari da shi kamar kalmomi huɗun nan da suka tona mini asiri. Da na samu numfashi na miƙe na duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aikina ya ce, ko kuskure ɗaya babu. Na ɗauki alli, na rubuta masa goma bisa goma.